An ba ni alƙalamin kwamitin fadama da tafkin garinmu: a kan me za mu ɗora ƙa'idojin?

Malamin firamare daga ƙasar Wurno ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ke wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani nauyi da aka ɗora mini wanda ya fi ƙarfin karatuna. Ni malamin makarantar firamare ne, amma kamar kowa a garinmu ina da 'yar garkata a fadama, inda nake shuka albasa da tafarnuwa da rani, shinkafa kuma da damina. A watan jiya mai garinmu ya tara dattawa bayan sallar Juma'a, aka kafa kwamitin mutum tara domin ya tsara ƙa'idojin amfani da fadama da tafkin da ke gabas da gari, aka ce ni zan riƙe alƙalami tunda ni ne ɗan boko a cikinsu.

Abin da ya jawo wannan zama shi ne rigimar ƙarshen ranin bara. Lokacin da mahaifina yake ban ruwa da jigo, ramin da zurfinsa bai wuce gaba guda da rabi ba yana isar sa har ya cire albasa. Yau kowa ya kafa bututu ya ɗora inji, kuma da zarar watan Maris ya kama sai ka ji injin yana tari yana jan iska, mai hali ya ƙara wa bututunsa zurfi, na maƙwabcinsa kuma ya ƙafe. Mutum biyu da kakansu ɗaya sun kai ga ɗaga wa juna fartanya a kan haka. Tafkin da muke yin su, wato kamun kifi na gayya, a cikinsa sau ɗaya a shekara kuwa, yanzu samari suna tace shi da gidan sauro tun ruwa bai gama janyewa ba, masu inji suna zuƙarsa ta gefe guda, noma kuma ya ci bakinsa har ya toshe hanyar da shanu suke bi su sha.

A zaman farko kwamitin ya rabu biyu. Dattawa sun ce a koma yadda kakanni suke yi, sarkin ruwa ya rufe tafki, sarkin noma ya faɗi ranar da za a saki dabbobi. Matasan cikinmu sun ce wannan zamani ya wuce, a je a samo takarda mai hatimi daga hukuma, wanda ya karya a miƙa shi ga 'yan sanda. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duka ɓangarorin biyu gardamarsu a kan wanda zai hana ce, ban ji wanda ya tambayi yawan ruwan ba, ko inda yake fitowa, ko iyakar abin da za a ɗiba bana ba tare da an ci na baɗi ba. Shin akwai hanyar da ƙauye irin namu, wanda ba shi da injiniya ba shi da kuɗin ɗauko shi, zai san waɗannan abubuwa har ya ɗora doka a kansu? Allah ya saka wa duk wanda ya tanka da alheri.

Tsohon malamin gona daga cikin garin Sakkwato ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shekaru masu yawa ina yawon fadamun Rima a kan babur, kuma tambayar da ka yi a ƙarshe ita ce wadda na daɗe ina fatan in ji ta daga bakin mai gona.

Bari in fara da tarin injin, domin yana gaya muku wani abu. Injin da yake zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa ba ya iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa, domin nauyin iskar da ke kanmu ne yake turo ruwan cikin bututu, kuma wannan nauyi yana da iyaka. Saboda haka duk ranar da ka ji inji yana jan iska, ka san cewa ruwan ƙasa ya sauka kusa da wannan iyaka. Kowane bututu kuma idan yana aiki yana saukar da ruwan da ke kewaye da shi kamar bakin mazurari, idan aka kafa biyu kusa da juna sai mazuraran su haɗu, mai zurfin ciki ya shanye na ɗan uwansa. 'Yan uwan nan biyu babu wanda ya yi wa wani sihiri, tulu ɗaya suke ɗiba.

Tulun nan kuwa yashi ne da tsakuwa da gulbi ya shimfiɗa a ƙarƙashin lakar fadama tun zamanin da, kuma abin da yake cika shi shi ne ruwan sama da malalar gulbi idan ta kwanta a kan fadama makonni tana nitsewa. Ruwan saman ƙasar Sakkwato milimita 600 zuwa 700 ne a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, rana da iska kuma suna iya busar da fiye da ninki biyu na wannan. Don haka malalar gulbi ita ce jarin fadama. Gulbin Rima da kuke sha ba a ƙasarku aka haife shi ba: Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya dawo, Bunsuru da Gagare suka haɗu da shi, sannan duka suka taru a madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 kuma take iya riƙe fiye da kubik mita miliyan 900. Ku kuna ƙasa da ita, wato lokacin zuwan ruwanku da yawansa ba a hannun sama kaɗai suke ba yanzu. Duk wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke gadar hanyar jami'ar da ke Sakkwato, ya kuma ga yadda ruwan madatsar ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma a farkon 2018, ya san cewa shekarun gulbin nan ba su zama ɗaya ba.

Mun riga mun ga darasin wannan a Gulbin Sakkwato. Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, hankalin kowa yana kan gonakin da za a shayar ta magudanan siminti, da kuma rikicin diyyar da ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Waɗanda aka manta da su su ne mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar, waɗanda malala ta rage isa gare su, da yawansu suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, ruwan rijiyoyin garka ya yi nisa, kifi ya ragu. An lissafa ruwan da za a tare, ba a lissafa aikin da yake yi lokacin da yake sake ba. A arewacin Kamaru an yi irin wannan kuskure da madatsar Maga a 1979, sai a 1994 aka buɗe wata mashiga da gangan domin malala ta koma filayen kogin Logon, ciyawa da kifi suka fara dawowa. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 ya kawo mana bututu da inji, kuma ba zan yi butulci ba, ya fitar da gidaje da yawa daga ƙaurar cin rani, sai dai mun yi ta ƙirga injinan da aka raba muna alfahari, ba mu ƙirga ruwan da suke sha ba.

To ga abin da za ku iya yi da hannunku. Ku zaɓi rijiyoyi huɗu ko biyar, ɗaya kusa da gulbi, ɗaya a tsakiyar fadama, ɗaya a gindin tudu, ku riƙa auna zurfin ruwansu kowace Juma'a da asuba kafin a tayar da inji, da igiya mai ƙulli a kowane rabin mita da ɗan ƙarfe a bakinta. Ku kafa turke mai zane a cikin tafki. Ku ƙirga injinan da ke aiki da abin da kowa ya shuka, domin kadadar shinkafar rani tana shan ruwan da ya ninka na kadadar albasa. Ka sa manyan ɗalibanka su riƙa rubutawa a littafi guda, darasin lissafi ne kyauta. Bayan rani biyu ko uku za ku ga da idonku yadda ruwan yake sauka mako mako, kuma a nan ne doka take samun gindi: a ce idan ruwa ya kai ƙulli kaza, ban ruwa ya koma na karɓa-karɓa, gabas yau, yamma gobe. Dokar da aka ɗaure da kwanan wata tana zaluntar mutane a shekarar wadata, ta kuma yi sakaci a shekarar fari, amma wadda aka ɗaure da ƙullin igiya tana tafiya da shekarar yadda ta zo, kuma wanda aka hana zai iya zuwa ya jefa igiyar da kansa.

Jikan masunta, mazaunin Sakkwato, ya amsa:

Baba malamin gona, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninku. Sai dai ina roƙon afuwa in ce igiya da turke ba za su gaya wa Malam komai game da kifi ba, kuma abin da dattawan kwamitinsa suke riƙe da shi ma awo ne, awon da aka yi da ido shekara da shekaru. Asalin gidanmu Argungu ne, kakana da homa da gora ya ci da mu.

Kifin gulbinmu da malala yake haihuwa. Idan sabon ruwa ya fara hawa, tarwaɗa da ƙurungu da kawara sukan bar gulbi su shiga cikin ciyawar da ruwa ya rufe su zuba ƙwai, bargi har sheƙa yake yi da ciyawa ya tsaya yana gadin 'ya'yansa, yauni ma haka. 'Ya'yan suna girma a cikin ciyawar nan inda abinci yake da yawa kuma manyan kifaye ba sa iya bin su, idan ruwa ya fara ja da baya sai su bi shi su faɗa tafkuna da gulbi. Saurayin da ya shimfiɗa gidan sauro a wannan lokaci, kwanon 'ya'yan kifin da ya kwashe zai sayar da shi kuɗin kati, alhali da an bar su wata biyar da sun cika kwando. Wannan shi ne dalilin da ya sa sarkin ruwa yake rufe tafki daga hawan ruwa har zuwa bazara. Bikin Argungu da duniya ta sani, wanda aka fara a siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ba komai ba ne illa buɗe ruwan da aka hana taɓawa. Giwan ruwan da ake ɗagawa a gulbin Matan Fada na Argungu ana ɗaukar hoto, hanin shekara guda ne ya ƙosar da shi.

Abu guda da ban ji an ambata ba shi ne mashigar tafkin, wato ƙoramar da take haɗa shi da gulbi. Malam, ka je ka duba ta da ƙafarka. Idan wani ya yi mata shinge da buhunan yashi don ya kare shinkafarsa, ko kacala ta cike ta, to ko kun rufe tafkin shekara goma kifi ba zai shigo ba, sai gaiwa da take binne kanta a laka. Gayyar yashe wannan mashiga kafin damina ta fi tara amfani.

Amma ba zan goyi bayan dattawa har ƙarshe ba. A zamanin kakana ana jin maganar sarkin ruwa domin shi ma masunci ne da ya san kowane gurbi, domin ana tsoron abin da aka ce yana cikin ruwa, kuma domin ranar su kowane gida yana samun rabonsa. Yau tsoron ya tafi, kuma a wurare da yawa sarautar ta koma ta rawani kawai. Idan kuka ce wa saurayin da ba shi da gona ya bar tafki wata bakwai, ba ku ce masa ga abin da zai samu ba, zai zo da dare. Shawarata ita ce samarin nan su za ku ba gadin tafkin, a kuma yanka musu kaso sananne daga kamun ranar su kafin kowa ya ɗauka.

Ɗan ruga mai aikin lafiyar dabbobi daga Illela ya amsa:

Sallama ga kowa. Malam, ina da tambaya guda kafin shawara: cikin mutum taran nan akwai Arɗo, ko wani daga cikin masu shanun da aka toshe wa hanya? Yadda ka lissafa su ban ji alamarsa ba. Idan babu, to kuna shirin rubuta wa mutum doka a kan ruwan da dabbarsa za ta mutu in ba ta sha ba, kuma ba ku ji ta bakinsa ba.

Fadamar da kuke gani garkar albasa, a wurin makiyayi ita ce rumbun rani. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa tudu ba shi da komai sai ƙarangiya da tumfafiya, ɗanyar ciyawa tana bakin tafki ne inda burgu yake tsirowa bayan ruwa ya ja. A da akwai ciniki tsakaninmu: bayan girbi shanu su kwana a gona su ci kara da harawa, su bar taki, har mai gona ya ba da damin gero don a daɗe masa. Yanzu kara ya zama kuɗi, takin zamani ya shigo, noman rani ya rufe watannin da fadama take hutawa, sai kowa ya ga ɗan uwansa ba shi da amfani a gare shi. Ƙasar ce take biyan wannan rabuwa, domin takin buhu ba ya mayar wa jigawa ƙarfin riƙe ruwa yadda kashin shanu yake yi.

Abin mamaki shi ne a ƙasar Wurno ake wannan magana, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, shi da ya yi ta ƙoƙarin zaunar da makiyaya kusa da garuruwa tare da ware musu hurumi da burtali. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili don kiwo har kadada 5,000, ECOWAS kuma ta amince da zirga-zirgar garkuna tsakanin ƙasashe a 1998, kuna kuma ganin shanun Nijar suna gangarowa ta wajenmu kowace shekara. Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya ɓace shi ne alamar da ke ƙasa, domin burtali kowace damina ana cin taku ɗaya daga gefensa har ya zama hanyar ƙafa. Ku fita tare da Arɗo da tsofaffin da suka san tsohuwar iyaka, ku dasa aduwa ko bagaruwa a gefe biyu, ku bar wa mashaya baki guda wanda ba a nomawa.

Ba na wanke namu. Akwai masu tura yara ƙanana da garke da dare, akwai masu sassabe gawo su bar shi kamar an yi masa aski, kuma waɗannan a ci su tara daidai da yadda za a ci wanda ya nome burtali. Idan tarar ta zama ta ɓangare guda, ba za ta kai damina biyu ba.

Uwargida, malamar sakandare daga Gwadabawa, ta amsa:

Malamai, kun yi ta duban ruwa, ni kuwa ina roƙon Malam ya juya baya ga tafkin ya dubi tudun da ke kansa. Tafki ba zuƙa kaɗai take kashe shi ba, yashi ma yana cike shi, kuma yashin daga gonakin tudu yake gangarowa idan aka tuge sabara da kalgo da geza aka bar ƙasa tsirara ga iskar hunturu da ruwan farko. Mu da muke wajen Gwadabawa da Gada da Illela mun ga gonakin da rairayi ya binne, mun kuma ga yadda tafkin Kalmalo, wanda iyayenmu suke ba da labarin kifinsa da alkamarsa, ya riƙa ƙafewa.

Tun ina yarinya nake ganin bikin dashen itace kowace damina, a zo da manyan motoci a dasa dogon yaro a yi jawabi, kafin bazara awaki sun gama da shi. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya haɗa da jiharmu cikin jihohi 11, kuma ina yi masa fatan alheri, amma abin da ya fi burge ni yana nan ƙetaren iyaka, wajen 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980, bayan farin 1984, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: idan an zo sharar gona ba a ƙone kututture, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi daga cikin waɗanda ya fitar a bar su, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa tun tuni, don haka ba ta bukatar ban ruwa ko shinge mai tsada. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5. Gawo ne sarkinsu, domin yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana ba, ya kuma ba ƙasa taki, da rani ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya.

Abin da ya sa ya yiwu a can shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba za a kama shi don ya sare reshensa ba, kuma wani ba zai zo da gatari ya kwashe ba. Ku rubuta wannan a ƙa'idojinku. Sannan ina tuna wa kwamitin cewa mu ne muke hura wutar da ake cin itacen dominta, mu ne muke tsintar bagaruwar da majema suke jeme fatar jar akuya da ita, mu muke turara shinkafar fadamar. Idan al'ada ba ta bari mace ta zauna a zauren mai gari ba, to a aika a ji ta bakin tsofaffin mata a cikin gida, domin su suka san wace bishiya ce ta ɓace daga dajin garin da kuma shekarar da aka daina ganinta.

Almajirin ilimi daga Sakkwato ya amsa:

Allah ya gafarta wa malamanmu. Ina so in kwantar wa dattawan kwamitin hankali cewa abin da tsohon malamin gona ya kawo ba baƙo ba ne a wurin malaman fiƙihu. Hadisi ya zo cewa mutane suna tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe hurumin kiwo a Naƙi'u da ke yankin Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe a Rabaza, ya umarci mai gadinsa da ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga kafin masu manyan garkuna. A kan ruwan kwari kuma hukunci ya zo cewa na sama ya shayar har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa da shi.

Abin da ya fi dacewa da rigimar bututu shi ne maganar malamanmu na Malikiyya a kan hurumin rijiya. Ba su yanka masa kamu kaza ba, sun ce iyakarsa ita ce duk nisan da idan aka haƙa wata a cikinsa zai cutar da ruwan ta farko, kuma wannan yana bambanta tsakanin ƙasa mai tauri da mai laushi, masana ƙasar ake tambaya. Ka ga ke nan shari'a da kanta ta jingina hukunci ga sanin halin ƙasa. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan raya matacciyar ƙasa da hurumi. Ku sa limaminku cikin maganar tun farko, domin abin da aka ji daga mumbari yana shiga inda takardar hukuma ba ta shiga.

Malamin firamare daga ƙasar Wurno ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa kwamitin amsoshinku ranar Asabar. Ɗan uwana na Illela, gaskiyarka, babu Arɗo a cikinmu, kuma da na faɗa sai zauren ya yi tsit na ɗan lokaci kafin mai gari ya ce a aika masa. Na je mashigar tafkin kamar yadda jikan masunta ya ce, na tarar da buhunan yashi jere biyu, kuma mai su yana cikin mutum taran. Wannan magana ba a gama ta ba tukuna. Igiya kuwa mun riga mun ƙulla, ɗalibaina 'yan aji shida sun yi awon farko a rijiyoyi huɗu.

Sai dai wata sabuwa ta taso, Baba malamin gona. Tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, masu hali sun koma injin hasken rana, kuma wani attajiri da ba ɗan garin ba ne ya sayi gonaki shida a haɗe, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya saka famfon da yake nutsewa cikin ruwa. Nasa ba ya tari, kuma daga hantsi har la'asar yana zuba. Yaya ƙullin igiyarmu zai hau kan wanda iyakar mita 8 ba ta shafe shi ba, kuma ƙafarsa ta fi ta mai garinmu isa wurin hukuma?

Tsohon malamin gona ya sake amsawa:

Ƙanena, tsadar mai ita ce take kashe inji da azahar ko mai shi bai so ba, hasken rana kuwa ba ya aiko da lissafi, don haka wannan matsala za ta yaɗu, ba a garinku za ta tsaya ba. Abu na farko shi ne ku san daga wane tulu yake sha. A ƙarƙashin yashin fadama akwai shimfiɗar laka, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu duwatsun masu riƙe ruwa, kuma idan rijiyarsa ta wuce lakar aka toshe samanta da siminti yadda ya kamata, mai yiwuwa ba naku yake ɗiba ba. Ku mayar da ɗaya daga cikin rijiyoyin awonku ta zama mafi kusa da gonarsa, ku auna ta da asuba kafin rana ta tayar da famfonsa, ku sake aunawa da la'asar, mako huɗu a jere, ku gwada da rijiyar da take nesa da shi. Idan ta kusa tana faɗuwa da rana tana farfaɗowa da dare fiye da ta nesa, to tulunku ɗaya.

A wannan gaɓa ce matasan kwamitinku suke da gaskiya a kan hatimi, domin baƙo mai ƙarfi ba ya jin kunyar zauren mai gari. Ku kai ƙa'idojin wurin uban ƙasa da ƙaramar hukuma su sa hannu tun yanzu, kafin sunan kowa ya shiga ciki, yadda ba za a ce don mutum ɗaya aka yi su ba. Shi kuma ku gayyace shi ko wakilinsa ranar awo, ku miƙa masa igiyar ya jefa da hannunsa, a rubuta abin da ya gani a littafin yaran, ya sa hannu a ƙasa. Idan ka tara awon mako huɗun, ka kawo lambobin nan zauren mu duba su tare.